Yadda za a shirya gida a Zariya domin girgizar ƙasa

A watan Satumba na shekarar 2016, mutanen Kwoi da ke Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunsu, bangayen wasu gidaje suka tsage, jama'a suka fice waje cikin firgici. Bayan shekara biyu, a Satumban 2018, mazauna Mpape a Abuja suka gamu da irin wannan, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu a yankin na wani lokaci, kuma motsin ya sake dawowa unguwar a Satumban 2024. Kwoi jiharmu ɗaya da ita, Abuja kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Zariya, saboda haka maganar da muka taso muna ji, wai girgizar ƙasa lamari ne na ƙasashen waje kawai, ba ta cika daidai ba.

Ya kamata in fara da faɗin gaskiyar girman haɗarin, domin ban rubuta wannan don in tayar da hankalin kowa ba. Ɓawon duniya a rarrabe yake zuwa manyan ɓangarori masu motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma mafi yawan manyan girgiza suna faruwa ne a inda ɓangarorin suke gogar juna, kamar Turkiyya da Japan da Indonesiya. Nijeriya tana zaune ne a tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da bakinsa, Zariya kuwa a kan tsohon dutse mai ƙarfi take, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena. Wannan ni'ima ce babba. Sai dai a cikin tsohon dutse ma akwai tsofaffin tsagogi da kan motsa jefi-jefi, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya taɓa ganin girgiza mai kisa: a Akara ta ƙasar Gana a 1939, wadda aka ji har Legas, da kuma a arewa maso yammacin Gini a watan Disamba na 1983, inda ɗaruruwan mutane suka rasu. Akwai cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, amma aikinta aunawa ne da adana bayani. Babu masanin da ke iya faɗin rana ko sa'ar da girgiza za ta zo, a nan ko a ko'ina a duniya, don haka duk saƙon WhatsApp da ya ce a fita daga gida ƙarfe kaza ga wata kaza ƙarya ne, kada a tura shi gaba.

Abin da ya sa lamarin ya shafe mu duk da ƙarancin haɗarin shi ne irin gidajen da muke kwana a ciki. A girgizar da ta afka wa birnin Bam na ƙasar Iran a Disamban 2003, mutum fiye da 26,000 suka rasu, galibinsu a ƙarƙashin ginin tubali. A ranar 8 ga Satumba 2023, girgiza mai ƙarfin maki 6.8 a ma'aunin girgizar ƙasa ta hallaka mutum kusan 3,000 a Maroko, kuma ƙauyukan kan dutse masu gidajen ƙasa su suka fi jin jiki. Wanda ya kalli hotunan waɗannan wurare zai ga bango da rufi irin na cikin birnin Zazzau. Gini mai rauni ba ya bukatar babbar girgiza kafin ya zube, kuma duk gyaran da zan ambata a ƙasa shi ne dai gyaran da ke kare gida daga ruwan Agusta, da iskar farkon damina, da jijjigar nakiyar masu fasa dutse. Wanda ya yi shi bai yi asarar kuɗinsa ba ko da ƙasa ba ta taɓa motsawa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Aikin farko shi ne maigida ya zagaya gidansa da rana, ciki da waje, yana duba bango da idon mai neman aibi. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririyar tsaga kamar gashi a jikin filasta yawanci bushewa ce kawai. Waɗanda ake kula da su su ne tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, da wadda ta bi layin bulo kamar matakala, da wadda ta raba bango biyu a inda suka haɗu, da kuma wadda ake ganinta ta ciki da ta waje a wuri guda, domin wannan ta ratsa bangon gaba ɗaya. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko tsaga tana ƙaruwa: a ja layi da fensir a inda ta tsaya, a rubuta kwanan wata, a shafa ɗan siminti siriri a gicciye a kanta, sannan a dawo bayan wata ɗaya ko biyu. Idan simintin ya dare, ko tsagar ta wuce layin, to ginin yana motsi, kuma toshe ta da filasta rufe ido ne kawai. Sai a nemo injiniya ya duba tushe. Haka nan ƙofar da ta fara cijewa alhali da tana rufuwa lafiya, ko bangon da ya fara turo ciki, duk alamu ne da ba a yi musu jinkiri.

A kan gidan ƙasa zan ɗan daɗe, domin shi ne gadonmu, kuma shi ne ake yawan yi wa mummunar fahimta. Ginin ƙasa da aka yi da kyau yana daɗewa; Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 shaida ne a kan gwanintar magina na da. Raunin ƙasa shi ne tana jure nauyin da ya danno ta daga sama, amma ba ta jure a ja ta ko a kaɗa ta gefe da gefe, kuma girgiza gefe da gefe take kaɗa gini. Idan bangaye huɗu na ɗaki ba su riƙe juna ba, kowanne sai ya yi nasa wuri, azara ta zame daga mazauninta, rufin soro da duk nauyin ƙasar da ke kansa ya sauko. Saboda haka abubuwa uku ake nema a gidan ƙasa: gindin bango ya kasance busasshe, saman bango ya kasance a ɗaure, rufi kuma kada ya yi nauyin da ya wuce kima.

Gindin bango shi ne inda ruwa ke fara cin gini. Lungunan cikin birni da yawa sun cike har ƙasan waje ta fi ta cikin gida tudu, ruwan kwata yana kwanciya a jikin bango, danshi yana hawa, ƙasa tana zaizayewa har bangon ya zama siriri a ƙasa, mai kauri a sama. A gyara magudanar ruwa ta yadda zai gudu nesa da gini, a tabbatar indararo yana zubar da ruwa can gaba ba a jikin bango ba, a cike inda ya zaizaye da ƙasa mai kyau da aka cuɗa da ciyawa, a kuma sabunta yaɓe kafin kowace damina. Akwai wata al'ada da ta yaɗu wadda ba na goyon bayanta, wato lulluɓe bangon ƙasa da filastar siminti mai kauri a bar shi haka shekara da shekaru. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Ruwa kan shiga ta 'yar tsaga ya maƙale a baya, ƙasar ta ruɓe a ɓoye alhali fuskar bango tana nan sumul. Wanda ya riga ya yi, ya riƙa ƙwanƙwasa filastar da hannu, inda ya ji ƙarar kogo ya sa a fasa a duba.

Azara kuwa, a binciki bakinta inda ta shiga bango, domin can gara da danshi suke fara aiki. A soka wuƙa ko ƙusa. Idan ta shige ba tare da wahala ba, azarar ta mutu. Ya kamata kowace azara ta hau bango da kyau, ba ta ɗan taɓa bakinsa kawai ba. Rufin soro da ake ƙara wa ƙasa duk shekara don toshe yoyo yana tara nauyin da maginin farko bai yi lissafinsa ba, don haka gara a kankare tsohuwar ƙasa a sake sabuwa da a yi ta ɗora wata kan wata. Idan za a mayar da rufin na kwano, wannan dama ce ta yin abin da ya fi kowane gyara amfani: a kewaye saman bangayen ɗakin gaba ɗaya da ɗauri guda na katako mai ƙarfi da aka haɗa kusurwoyinsa da kyau, a kafe shi a jikin bango, sannan a ɗaure katakon rufi a kansa. Wannan ɗaurin yana mayar da bango huɗu abu ɗaya, kamar yadda baki ke riƙe kwando. Doguwar katanga da ba ta da abin da ya tokare ta, a gina mata ginshiƙi jefi-jefi, kuma kada a ɗora bulon siminti a kan tsohuwar katangar ƙasa don ƙara mata tsawo.

Mai gidan bulo kada ya ɗauka ya tsira don kawai gidansa na siminti ne. Bulon da aka buga da yashi mai yawa da siminti kaɗan, wanda ke marmashewa idan an murza shi da yatsa, bai fi tubali mai kyau ƙarfi ba. Wanda zai yi sabon gini ya gwada bulo kafin ya saya, ya tabbatar an shayar da shi ruwa kwanaki bayan bugawa. Ya sa pila mai rodi a kowace kusurwa da inda bangaye suka haɗu, kuma linta ta zagaye ginin gaba ɗaya ba tare da yankewa ba, maimakon ɗan guntun da ake ɗorawa a kan ƙofa da taga kaɗai. Zoben da ke ɗaure rodin pila a lanƙwasa bakinsa ya shige cikin kankare, a kuma matso da zobban kusa da juna a sama da ƙasan pila, inda ƙarfin kaɗawa ke taruwa. Haɗin kankare da aka saba na irin wannan aiki shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Kada a matsa taga ko ƙofa dab da kusurwa, kada kuma a cika bango ɗaya da ƙofofi har abin da ya rage na bangon ya zama 'yan sirara.

Abin da ya fi damuna a Zariya ta yau shi ne benen da ake ɗorawa a kan ginin da ba don bene aka yi tushensa ba. A Samaru da Kongo da Sabon Gari, inda hayar ɗalibai da shaguna ke kawo kuɗi, mutum kan ga an zuba dekin a kan tsohon gida, an fasa bangayen ƙasa an mayar da su shaguna masu faɗin ƙofa, sannan an jera ɗakuna a sama. Irin wannan gini, mai nauyi a sama da wofi a ƙasa, yana daga cikin waɗanda suka fi zubewa a girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta ci rai fiye da 50,000. Duk wanda zai hau sama ya ɗauki injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya nemi izinin KASUPDA, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kuma kada ya bari birkila ya rage rodi da sunan tausaya wa aljihunsa. Wurin gini ma abin dubawa ne: ƙasar fadama da bakin kogunan Kubanni da Galma, da tsohon kududdufi ko bola da aka cike, suna ƙara ƙarfin jijjiga kuma suna nutsewa, don haka tushensu yana bukatar shawarar masani tun kafin a haƙa.

Daga gini sai kayan cikin ɗaki, kuma a ƙaramar girgiza irin wadda ta fi yiwuwa a wajenmu, su ne za su fi raunata mutane. A ɗakin uwargida ko amarya akan sami kabad mai tsawo cike da tangaran da gilasai da kwanukan jere, sau da yawa dab da gadon da jariri ke kwana. A sa kafinta ya ɗaure kabad da wadrob a jikin bango ta sama da ƙarfe mai kusurwa da dogayen sukurori. A bangon ƙasa kuwa, inda sukuru ba ya kamawa, sai ƙarfen ya ratsa bangon ya fita ta baya a tare shi da katako. Kaya masu nauyi su koma ƙasa, marasa nauyi su hau sama, ƙofofin kabad kuma a sa musu sakata. A ɗage madubi da agogon bango da manyan hotuna daga saitin kan mai barci. A duba ƙugiyar da ke riƙe fankar sama, a tabbatar a jikin katako mai ƙarfi ko kankare take, ba a jikin silin ba. Akwatunan da ake tarawa a saman wadrob har su kusa taɓa rufi, a sauke su.

Tukunyar gas ta tsaya a miƙe a wuri mai iska, a ɗaure ta da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin bango, a canza tiyo idan ya fara tsattsagewa, kuma a saba rufe ta daga kanta bayan kowane girki. Fetur ɗin janareta kada ya kwana a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da murhu. Tankin ruwa na sama abu ne da ba a cika lura da shi ba: lita 1,000 na ruwa nauyinta tan ɗaya ne, kuma sau da yawa a kan siraran ƙafafun ƙarfe da tsatsa ta ci yake tsaye, a tsakar gida inda yara ke wasa. A kira mai walda ya gicciya masa ƙarafa tsakanin ƙafafun, a kafe gindinsu a cikin kankare, a ɗaure tankin kansa. Kowane babba a gidan, mace da namiji, ya san inda ake kashe wutar lantarki ta gidan gaba ɗaya.

Hanyar fita ma tana bukatar tunani, domin tsarin gidajenmu ƙofa ɗaya ce, ta zaure, mata da yara kuma suna can ƙurya. Zauren da aka cika da babur da buhunan masara da itace ya zama tarko. A bar hanya a buɗe, mukullin kwaɗo ya sami wuri guda sananne kusa da ƙofa wanda kowa zai iya laluba a cikin duhu, kuma a ɗakin da tagoginsa duk ƙarfe ne a sa aƙalla ɗaya ta zama mai buɗuwa ta ciki. Iyaye mata su riƙa rataye hijabi da ajiye takalmi a bakin ƙofar ɗaki, domin kada neman mayafi ya tsayar da mace a ƙarƙashin rufin da ke motsi. Wanda almajirai ko baƙi ke kwana a zaurensa ya tuna cewa zaure galibi shi ne mafi tsufa da nauyin rufi a gidan, kuma amanarsu tana wuyansa.

Tanadi ba ya bukatar dogon bayani. Ruwan sha da girki kimanin lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3. Gida mai mutum 10 ke nan jarka 5 masu cin lita 25, a riƙa sabunta su. Sai tocila, da rediyo mai batir, da abincin da ba ya lalacewa kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, da bandeji da maganin wanke rauni, da maganin masu hawan jini ko ciwon suga na 'yan kwanaki, da ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da na'urar cirar kuɗi ba ta aiki. Takardun gida da na makaranta a sa su a leda a jaka guda, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Idan ƙasa ta fara motsi, abin da za a yi ya danganta da irin ginin da mutum yake ciki, kuma a nan ne nake ganin ya wajaba maigida ya zaunar da iyalinsa ya yi musu bayani tun yanzu. A ginin siminti mai ƙarfi, musamman a saman bene, kada a ruga matakala, domin a wajen gudu da turereniya ake yawan karyewa. A durƙusa ƙasa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi a riƙe ƙafarsa, in babu tebur a matsa jikin bangon ciki nesa da taga da kabad, a rufe kai da wuya da hannu har motsin ya tsaya. Wanda ke kan gado ya zauna a nan ya kare kansa da matashi. Amma wanda ke cikin ɗakin ƙasa mai rufin soro, kuma ƙofa tana kusa da shi, ya fi masa alheri ya fita nan take zuwa fili, yana kare kansa, domin irin wannan rufi idan ya sauko tebur ba ya tare shi. Filin da za a nufa shi ne tsakiyar tsakar gida idan tana da faɗi, nesa da katanga da tankin ruwa da bakin rijiya. Siririn lungu mai katanga dama da hagu ya fi ɗaki haɗari. Wanda ke tuƙi ya gangara gefe ya tsaya, ba a kan gada ko ƙarƙashinta ba, ba kuma ƙarƙashin wayar lantarki ba. A masallaci da makaranta da kasuwa, liman da malami da duk mai faɗa a ji su hana jama'a dannawa ƙofa lokaci guda.

Bayan ta lafa, a ƙirga mutanen gida, a sa takalmi saboda fasassun gilasai, a rufe gas, a kashe wutar lantarki. Idan an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. A buɗe ƙofofi a fita. Ƙananan girgiza kan biyo bayan ta farko, wani lokaci bayan sa'o'i ko kwanaki, kuma su kan ƙarasa bangon da ya riga ya raunana, saboda haka ɗakin da ya yi sabuwar tsaga babba ko rufinsa ya sunkuyo ba a kwana a cikinsa sai masani ya duba. Idan gini ya danne wani, a kira lambar gaggawa 112, a sanar da mai unguwa domin labari ya kai ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, maƙwabta kuma su riƙa cire ƙasa da hannu da shebur a hankali daga gefe, ba tare da hawa kan tulin ba, suna yin shiru lokaci-lokaci don sauraron murya ko ƙwanƙwasa. Wanda ake zaton ya karye a baya ko wuya kada a ɗaga shi sai a kan katako miƙaƙƙe, kansa da jikinsa a saiti ɗaya. Ruwan rijiya kuwa a tafasa shi kafin a sha na 'yan kwanaki, musamman inda masai yake kusa da ita, domin motsin ƙasa yana iya buɗe hanya tsakaninsu ba tare da an ga alamar komai a sama ba.